Ranar Sakin Gona

Ɗiyar ƙanwata ce ta ja ni Kano. Shekara guda ke nan tana karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero, a cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, uwarta kuma ta hana ni sakat: "Yaya, tunda ka ajiye aiki ba abin da kake sai zaman majalisa. Je ka gano mini yarinya." Shekara 31 na yi ina malamin gona a jihar Damagaram ta Nijar, rabona da Kano kuwa tun 2012. Na ɗaure kilishi da dabino da cuku, da tiya biyu ta gero da uwar ta dage sai an kai, sai ka ce babu kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano.

Mun bar Damagaram bayan sallar asuba, cikin sanyin Disamba. A Takeita muka saki hanyar Maraɗi muka yi kudu. Daga Kance zuwa Matamaye na kasa ɗauke ido daga taga. An gama girbi, gonaki sun yi fari, amma gawo ya yi kore shar a ko'ina, don shi da rani yake fitar da ganye, damina ta zo ya zubar. Lokacin da na fara aiki kana iya hango mutum daga nesa mai nisa a waɗannan gonaki, babu abin da zai tare maka ido. Na ji daɗi a raina kamar ni na shuka su duka.

A Ɗan Barto aka duba katinmu, muka tsallaka Kwangwalam muka sake mota. Daga nan shingaye suka fara. Na ƙirga bakwai kafin Daura, na gaji na bari. Direba ya riga ya jera 'yan canji a gaban mota, kowane shinge ya miƙa hannu ba tare da ya tsaya sosai ba. A wani shinge can gaba wani mai kaki ya ce a sauke buhuna. Shinkafa yake nema. Ya kwance, ya zura hannu, ya ɗago ya dube ni: "Baba, gero za ka kai Kano?" Mota duka ta kwashe da dariya. Na ce masa saƙon uwa ne, ba a musu da shi. Ya ce to a ba shi na ruwa. Naira 500 ta raba mu, ya ɗaure mini buhun da kansa.

Kazaure da Dambatta barci na yi. Hayaniyar manyan motoci a Dawanau ce ta tashe ni.

Kano ta sauya mini. Wancan zuwan babura ne suka cika titi, irin kabu-kabun wajenmu. An hana su ɗaukar fasinja tun 2013, yanzu A Daidaita Sahu ne rawaya ko ta ina, ga gadoji sama da ƙasa inda na san shataletale. Na sauka Wapa na canza kuɗi. A wancan zuwan jaka guda ta sefa, wato sefa 1,000, naira 300 da 'yan kai take ba ka. Wannan karon sama da naira 2,000 aka ƙirgo mini a kowace jaka, har aljihu ya kumbura. Na yi murna na ɗan lokaci, har sai da na sayi ruwan gora da gurasa, na ga yadda takardun ke zubewa.

Masaukina a Fagge ne, gidan wani Alhaji ɗan garinmu da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari. Tun zamanin ayari nan ne zangon mutanen arewa, don haka ban ji baƙunta ba. Da safe na ji ɗan ga-ruwa yana sallama da harshen Magarya. Na leƙa, muka gaisa, ya ce su da yawa ne a unguwar. Na yi dariya ni kaɗai: mun baro ƙishirwar Damagaram mun zo muna shayar da Kanawa.

Washegari yarinyar ta zo da sassafe. Ta rame kaɗan, amma bakinta ya buɗe. Da a ce mata ƙala a gaban manya sai ta sunkuyar da kai. Yanzu tun a cikin A Daidaita take gyara mini magana. Muka wuce tsohuwar jami'a da ke jikin ganuwa, muka bi ta Kabuga muka hau titin Gwarzo zuwa sabuwar. Ita ta gaya mini cewa a 1960 aka fara makarantar, 'yar ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Koyon Larabci ta cikin gari, sai a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

Niyyata in ga ɗakin kwananta in koma. Sai ta ce, "Kawu, na gaya wa malaminmu za ka zo. Ya ce ka shigo aji."

"Ni da ba na jin Ingilishi?"

"Ni ma haka na zo."

Ɗalibai 20 da wani abu ne a ajin. Tana raɗa mini su ɗaya bayan ɗaya: wancan ɗan Binuwai ne, Tibi, na kusa da taga Bafillace ne daga Adamawa, likitan dabbobi, mai jan kallabi 'yar Anambra ce, ga Bayarabiya wadda suke ɗaki ɗaya, ga ɗan arewacin Gana, ga wani daga Mali, ga 'yan Barno biyu, saura Kanawa da Katsinawa da Jigawa. Malamin ya gaishe ni da Hausa cikin girmamawa, ya gabatar da ni da Ingilishi, ya ce in yi magana da harshen da na ga dama, akwai masu fassara sun fi biyar.

Darasin ranar a kan itatuwa cikin gona ne. Nan kam gidana aka zo. Na ba su labarin sassabe irin namu: yadda manomi ke barin tohon da ya fito daga tsohon kututture, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare saura, ya rene su har su zama itace, babu dashe babu ban ruwa. Na gaya musu wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a Maraɗi a 1983, kuma masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya. Na ce abin ya kankama ne bayan yunwar El-Buhari.

Mai fassarar, wani Bakatsine, ya tsaya cak. "Baba, yunwar wa?"

Ban taɓa tunanin sunan zai zama baƙo ga kowa ba. Haka muke kiran yunwar 1984 a ƙauyukanmu, don fari ya haɗu da rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Buhari a Najeriya ta yi a shekarar, hatsi ya daina shigowa. Babu ɗan Najeriya ko ɗaya a ajin da ya taɓa jin sunan. Su abin da iyayensu suka ba su labari na wannan shekara shi ne canjin kuɗi da layi a bakin kanti. Wani Bakano ya ɗan ɓata rai, ya ce an rufe ne don masu fasa-ƙwauri. Na ce ban musa ba, ɗana, ni dai abin da ya iso ƙofar gidanmu nake faɗa. Ɗan Gana ya ɗaga hannu ya ce su 1983 suke tunawa, shekarar fari da gobarar daji, kuma shekarar da aka koro 'yan ƙasarsu daga Najeriya suka dawo gida babu abinci. Malamin bai ce komai ba, ya rubuta shekarun biyu a allo ya ja layi a ƙarƙashi.

Sai 'yar Anambra ta yi tambaya. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gawo ba sai da ta zo Kano, a garinsu ruwa ne ya yi yawa har yana yanke ƙasa yana cinye gidaje. Amma tana so ta sani: itacen da manomi ya rena, na waye? Na ji daɗin tambayar, don Bahaushe ba ya yi mini ita. Shi tambayarsa kullum wane iri ne, kwana nawa yake yi. Na ce mata nan gizo ke saƙa. Da can itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka yake, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Saboda haka manomi na ganin toho sai ya tumɓuke tun ba a gani ba, kada ya jawo wa kansa fitina. Sai da aka sassauta, mutane suka tabbata itacen nasu ne, su ci 'ya'yansa su sayar da reshensa, sannan suka fara barinsa. Na ƙara musu da labarin da ake bayarwa a wajenmu, cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa dokar kisa a kan mai sare gawo. Ta ce to a Najeriya dokar 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, a garinsu kuma ƙasa ta dangi ce, mace ba ta cika gado ba. Wa zai rena itacen shekara 10 a gonar aro? Nan aji ya kaure, kowa na faɗin yadda ake a garinsu. Har Bamalen da bai ce uffan ba tun safe ya shiga, rabi Ingilishi rabi Faransanci, ɗiyata na cike masa gurbi.

Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa da magana ta gangaro kan manoma da makiyaya ban jira an tambaye ni ba. Na ce wannan rigimar da kuke ta yi mu mun daɗe da samo bakin zarenta. Muna da dokar karkara tun 1993, muna da kwamitocin ƙasa har a ƙauye, an shata burtali an kafa masa alamu. Uwa uba, kowace shekara hukuma da sarakuna suna sa ranar sakin gona. Kafin ranar, dabba ta shiga gona mai ita ya biya. Bayan ranar, gona ta zama wurin kiwo, wanda bai kwashe amfaninsa ba shi ya so. Na ce ku ma ku yi haka mana, ku huta. Wannan maganar na yi ta a taruka ba adadi, kullum kai ake gyaɗa mini.

Ɗan Binuwai ya miƙe. Da Hausa ya yi magana, irin ta barikin soja, ashe a can ya tashi. "Baba, yi haƙuri. Wace rana za ka sa mana?"

Na ce bayan girbi.

Ya ce, "Girbin me? Rogo yana shekara a ƙasa, wani ya fi. Doya wata ana tonowa wata na kwance. Kafin ka gama da ita an shuka riɗi, ga lemo a lambu. Ruwanmu ya wuce milimita 1,000, damina wata shida ko bakwai. Mu ba mu da ranar da gona take zama babu komai."

Na buɗe baki na rufe. Shekara 31 ina wannan aiki, ban taɓa lura cewa dokar da nake taƙama da ita a kan gero take zaune ba. Gero wata uku ne ya tashi, ka yanke ka ɗaure ka kai rumbu, gona ta zama fili. Rumbun ɗan Binuwai kuwa ƙasar ce da kanta. Na san rogo, na ci rogo, na san daɗewarsa a ƙasa tun ina makarantar aikin gona. Haɗa wannan da wancan ne ban taɓa yi ba, don duk waɗanda na zauna da su a aji da ofis 'ya'yan gero ne irina.

Bafillacen ya karɓa. Ya ce kakansa roƙonsa ake ya kwana da shanu a gona don taki, har a ba shi dame. Yanzu takin zamani ya zo, kara da harawa sun zama kuɗi, fadamar da ake shayarwa da rani ta zama lambu, wuraren kiwon da dokar 1965 ta tanada an nome da yawansu. Ya ce dokar hana kiwon sake da Binuwai ta yi a 2017 ta ce a killace shanu, amma wanda ba shi da taƙi ɗaya na ƙasa a ina zai killace? Ɗan Binuwai ya ce shi dai ya san ƙauyen mahaifiyarsa babu kowa yanzu, suna sansanin gudun hijira. Muryarsa ta yi rawa. Aji ya yi tsit, har ana jin fanka.

Na ɗauka malamin zai sauya magana, don ni da haka zan yi. Sai ya ce wa Bafillacen ya tashi ya faɗi hujjar ɗan Binuwai da bakinsa, kuma ba zai zauna ba sai mai hujjar ya yarda an faɗe ta daidai. Sau uku yana yi ana ce masa da saura. Sannan aka juya. Shi ma ɗan Binuwai ya sha wuya, musamman wajen bayanin dalilin da ya sa makiyayi ba zai sayar da rabin garke ya sayi fili ba. Ba su shirya ba, kowa na kan bakansa aka tashi. Amma da za a fita na ga su biyun sun tsaya a bakin ƙofa suna duba waya ɗaya. Ɗiyata ta ce rukuninsu ɗaya a aikin bincike, malamin ne ya haɗa su da gangan.

A ofishinsa ya ba ni shayi, na tambaye shi ko haka kowane aji yake. Ya ce a digirin farko jami'o'in tarayya suna da ƙa'ida: kashi 45 cikin 100 na guraben ana cike su da maki zalla daga ko'ina, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Cibiyarsu kuma tana cikin waɗanda Bankin Duniya ya tallafa wa don su ɗauki ɗalibai daga ƙasashen yankin. Amma ya ce tara su a ɗaki ɗaya shi ne mai sauƙin. In ka bar su, Kanawa za su zauna gefe, 'yan kudu gefe, masu Faransanci a baya, a shekara biyu a rabu ba wanda ya ji ta bakin wani. Na ga gaskiyarsa da rana a wajen mai abinci. Masu garau-garau sun yi da'irarsu, masu sakwara tasu, kowa ya koma harshen uwarsa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da na hango Bamalen, wajensa na nufa don in huta da Faransanci.

Bayarabiyar ɗakinsu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da "Sannu Kawu", ta kawo mini amala da miyar da ta sa ni hawaye. Yarjejeniya gare su: ita tana gyara wa tamu Ingilishi, tamu tana koya mata lissafin ƙididdiga. Ɗiyata ta ce watanni ukun farko kuka take da dare. Abu ta san shi sarai, amma kafin ta juya shi daga Faransanci an wuce wurin. Kuma ko Hausar ba ta cece ta ba: ta ce lakwal, wato makaranta, a yi dariya, ta ce mushe, wato malami, a tambaye ta me ya mutu. "Amma Kawu," in ji ta, "abin da na ɗauka na sani, sai da na zo bayyana shi ga wadda ba ta taɓa ganin gero a gona ba na gane rabinsa haddacewa na yi."

Rana ta uku ɗan Alhaji ya zaga da ni cikin gari. Kasuwar Kurmi ta matse fiye da yadda na santa, na sayi takalmin fata da turare. Abin da ya tsaya mini shi ne sunayen unguwannin da muke ratsawa, waɗanda da nake ji ba na saurara: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Turabulus da Gadamas suka zauna, Ayagi ta Yarabawa, Madabo ta malaman Wangarawa da suka zo daga Mali. Yaron ya nuna mini wajen Sharifai ya ce zuriyar Al-Maghili ne, malamin da ya zo daga arewacin Afirka ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin mulki. Na ce masa ashe ajin da na shiga jiya tsohon aji ne a garin nan. Bai gane ba, hankalinsa na kan mai gurasa. Muka ci bandashe a tsaye, da ƙuli da albasa da yaji, naira 700 kowa. Wannan kam ba mu da irinsa a Damagaram, na yarda.

Ranar komawa ina ɗaure kaya sai ga ɗiyata tare da ɗan Binuwai, ya rungumo doya uku manya daga Sabon Gari. Ya ce ya ji tsoron ko ya yi mini rashin kunya a gaban yara. Na ce masa da rashin kunya irin wannan ake yi mini tun ina saurayi, da manoma sun fi cin moriyata. Ya roƙe ni in aiko masa da hoton alamun burtali da takardar da kwamitin ƙauye ke cikewa in an yi ɓarna, yana so ya ga ko akwai abin da zai ɗauka ban da ranar. Gero kuwa Bayarabiyar ce ta riƙe tiya guda, wai za ta koyi dama fura.

Hanyar dawowa ba labari, sai dai a wani shinge an sake sauke buhuna, aka tarar da doya, aka ce wannan karon na yi hankali. Na iso Damagaram bayan magariba. Ƙanwata ba ta bari na cire takalmi ba: ta rame? tana cin abinci? su wa take yawo da su? Na ce mata da Bayarabiya da Tibi da Bafillace. Ta riƙe baki. Na miƙa mata doya ɗaya, ta juya ta ta sake juyawa, ta ce da me ake cin wannan.

Jibi ne ranar sakin gona a ƙauyenmu. Na riga na gaya wa maigari zan zo da waya in ɗauki hotuna.